Tayar Gaban Giwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya sa aikin da ya nisanta ka da gida ya zame mana alheri baki ɗaya, amin. Yaya sanyin can da ka ce yana ratsa ƙashi? Yaya kuma ciwon bayan nan naka, ka je an duba ka, ko har yanzu kana ɗaga ranar kamar yadda ka saba?

Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, ka san kuwa in ta kai nan to ta warke. Auta ta gama jarrabawa, tana gida tana cika mana kunne da waƙoƙin waya. Matata ta yi nauyi, tana ta fama, amma likita ta ce komai lafiya. Shago ma ba laifi, ɗinki yana shigowa, sai dai ni ne ba na iya zama a kan keken kwanakin nan. Yau da safe na ɗinka wa mutum hannun riga a juye, na farke, na sake ɗinkawa a juye. Da na ga abin ba na ƙare ba ne, sai na ture rigar gefe na jawo takarda. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali waya na hannunmu. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, kafin in gama magana ka riga ka yanke hukunci ka ce kana sauri. Baba kuma, duk da yana cewa kunnensa ya yi nauyi, in maganarsa ake yi ko daga bayan katanga ne sai ya ji.

Maganar Giwa ce, babban babur ɗin Baba. Ka tuna lokacin da na kira ka na ce tayar gabanta ta yi sanƙo, zanen ya shafe har zare ya fara leƙowa, na kuma gaya maka hannun Baba ya fara rawa, ko kofin shayi ya ɗauka sai ya zuba. Abin da ka ce mini ban manta ba. Ka ce kada in kuskura in sayo sabuwa, in yi ta jan ƙafa, in babu taya babu hawa, a hankali zai haƙura ba tare da kowa ya faɗa masa magana mai ɗaci ba. Ni ma a lokacin na ga dabara ce mai kyau, ba zan ɗora maka kai kaɗai ba. Bakinmu ɗaya. Baba da kansa ya kwance wilin gaban, ya tokare Giwa da kututturen nan na zaure, ya ce in je in nemo taya tunda ni ne mai ƙafa. Daga ranar ta zauna a nan, gabanta a ɗage, kamar wanda aka cire wa haƙoran gaba.

Kai kana can ka ba da umarni ka kashe waya, ni aka bari da fuskar Baba. Kullum in na dawo daga shago zan same shi a zaure yana goge tankin da tsumma, ya ɗago kai ya tambaye ni labarin taya. Ni kuma na zama gwanin kame-kame. Yau in ce wadda na samu lambarta ba ta dace da wilin ba. Gobe in ce ta dace amma ta ƙananan babura ce, ba za ta ɗauki nauyin Giwa ba. Wata rana in ce gwanjo ce, ta sha rana har gefenta ya tsattsage. Har na taɓa cewa na samu mai kyau amma ta baya ce, ba ta gaba ba. Abin haushi, duk ƙaryar nan sai da na je wurin mai taya na koyo ta, don ka san Baba ba a yi masa ƙaryar da ba ta da ƙafa a kan babur. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan Giwa yana bin ƙauyuka yana yi wa shanu allura, me zan gaya masa game da taya? Shi kuwa ba ya musu. Ya saurare ni har in gama, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa a dace, ya ci gaba da gogensa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ni da kai muka manta shi ne Baffa na bayan gada, aminin Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya magana sosai, abinci ma ba ya karɓa daga hannun kowa sai Baba. 'Ya'yansa sun yi lallashin duniya, sai ya datse baki ya kau da kai. Kowace safiya Baba yake zuwa ya ba shi abin kari, ya yi masa aski in ya taru, ya zauna yana ba shi labarin shanun da suka yi wa allura tun kafin a haife mu. Mun san da wannan sarai. Amma da muke ƙulla dabararmu, ko sau ɗaya sunan Baffa bai fito daga bakinmu ba. Mun ɗauka in an tsayar da babur an tsayar da mutum. Ni kuma da sassafe nake fita shago, in na dawo na tarar da Baba a zaure, sai in ɗauka a nan ya wuni.

Wando ne ya tona asirin. Wata rana da yamma Baba ya shigo shagona, abin da ba ya yi, ya ajiye ƙunshi a kan tebur ya ce in na samu sarari in kama masa wannan, ya juya ya fita. Na lura yana ɗan ɗingishi, na ɗauka gwiwar tsufa ce. Da na warware sai na ga wandonsa ne ruwan toka, ya yage a gwiwa. Yaya, ni tela ne, na san yagewar ƙusa, na san ta ƙaya, na san ta tsufan yadi. Wannan ba ko ɗaya. Yadin ya goge ne ya cinye kamar an darza shi a dutse, ga ƙananan tsakuwa sun maƙale a ɗinkin gefe, ga kuma shatin jini da aka wanke bai gama fita ba. Ko shago ban rufe da kyau ba na nufi gida, na wuce Baba a zaure na shiga ɗakin Inna da wandon a hannu.

Da farko ta so ta waske, ta ce in je in tambayi mai wandon. Da na matsa sai ta fashe mini. Ta ce tun ranar da aka ɗora Giwa a kan kututture bai fasa zuwa wurin Baffa ba ko sau ɗaya. Da zarar na fita sai ya sa hularsa ya je bakin titi ya tare babur ɗin haya. Ka san masu hayar nan, gudu kamar ana korarsu, tayarsu ta fi ta Giwa sanƙo, birki sai addu'a. A yashin nan na gangaren gada ɗaya daga cikinsu ya zubar da shi, ya tashi ya karkaɗe jikinsa, ya sake hawa, ya je ya ba Baffa abincinsa, sannan ya dawo ta wanke masa ciwon, ya hana ta faɗa. Ta ce ita ba ta san me muke ƙullawa ni da kai ba, amma tun da aka haife ta ba ta taɓa jin garin da taya ta ƙare a cikinsa ba. Ta ƙara da cewa in kashe mata miji muke so mu yi, to mu fito fili mu faɗa, ba sai mun wakilta masu haya ba.

Na ji haushinka ranar, ba zan ɓoye maka ba. Na ɗauki waya zan kira ka na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Na ji haushin kaina fiye da naka, don ni ne nake kallon mutumin nan kullum ban ga komai ba. Wai mu ne masu tsare shi daga faɗuwa, sai ga shi mun sauke shi daga babur ɗin da ya sani kamar tafin hannunsa, mun ɗora shi a bayan wanda bai san darajarsa ba. Washegari ban je shago ba. Na same shi a zaure na ce na ji labarin an kawo sababbin tayoyi, ko zai zo mu je tare ya zaɓa da kansa. Ya dube ni ya ce ashe jirgin tayar ya iso. Sai ya ce in ɗauko wilin.

Ka san shagon mai taya na bayan tasha, wanda warin roba ke tarar mutum tun daga ƙofa, tayoyi a rataye har rufi, ga wasu an jibge har ba wurin taka ƙafa. Mai shagon yana ganina tare da Baba ya fara murmushi, don ya san sintirin da na yi masa ina tambaya ba na saye, har ya sa mini suna mai ruwan ido. Allah ya taimake ni bai tona ni ba. Ya san halin Baba kamar yadda muka sani: komai zai saya, tambayarsa ta farko ita ce zai daɗe? Takalminsa, rediyonsa, har bokitin wankansa, duk sun girme Auta. Don haka bai tambaya ba ya gangaro da irin wadda Baba yake saye tun fil azal, mai taurin roba, wadda za ta yi shekaru zanenta bai motsa ba. Baba ya shafa ta kamar ya ga tsohon aboki, ya danna ta da babban yatsa, sannan ya ture ta gefe ya ce a kawo wasu. Ni da mai taya muka kalli juna.

Daga nan sai ya mai da ni ɗan makaranta a gaban mutane. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, in durƙusa in karanta masa lambobin gefen kowace taya, in gwada da na tsohuwar. Ya nuna mini inda ake gane faɗinta da girman wilin da za ta hau, da alamar nauyin da za ta iya ɗauka, ya ce Giwa ba ta wasa da wannan, taya tana iya hawa wili daram amma ta kasa ɗaukar babur da mutum biyu. Ya sa na nemo lokacin da aka yi kowacce, ya ce roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Mai taya ya kawo wata mai manyan haƙora ya ce ita ce maganin yashi da taɓo, Baba ya ce haka ne, amma a kan kwalta tana sa kan babur rawa, kuma rabin hanyar Baffa kwalta ce. Duk abin nan yana yi yana kama hannuna yana ɗorawa a kan robar, wai in danna in ji bambanci. Ni kuwa hankalina ba ya wurin, ina ta kallon yatsunsa suna karkarwa a kan nawa, ina tunanin yadda za su riƙe birki a gangaren gada. Na rasa abin da ke mini daɗi. In an saya ina tsoro, in ba a saya ba ina tsoro.

A ƙarshe ya tsaya a kan wata mai taushin roba, zanenta ya ratsa har gefe-gefe. Mai taya, don amana, ya gaya masa wannan tana kama ƙasa ƙwarai, ko an yi ruwa ba ta cika zamewa ba, amma ba ta da ƙarko, kafin ya ankara ta cinye. Baba ya ce ya sani. Ya ce tayar baya turawa kawai take yi, in ta zame mutum yana iya gyarawa, amma ta gaba ita ce mai zaɓen hanya, in ta zame sai ƙasa. Ya ce mai tauri ta gwani ce, wanda hannunsa ya san abin da zai yi kafin kansa ya sani, mai taushi kuma tana yafe kuskure, kuma wanda zai riƙe kan Giwa yanzu yana bukatar a yi ta yafe masa. Na ɗauka kansa yake nufi. Har idona ya ciko da na ji Baba, wanda bai taɓa yarda ya gaza a komai ba, yana faɗin haka a gaban mai shago.

Muka kai wa mai faci ya ɗora, Baba na tsaye a kansa har sai da ya tabbatar kibiyar da ke gefen tayar tana kallon inda wili ke juyawa, ya sa aka auna iska a gabansa. Muka dawo gida ya nuna mini yadda ake mai da wilin, ni ke ɗaurewa shi yana duba. Da aka zare kututturen Giwa ta sauka a kan ƙafafunta, sai ya shiga ɗaki ya fito da hular kwano da makulli. Ina jira ya sa hular, sai na ji ta a kaina. Ya damƙa mini makullin a hannu, ya ce shi ya riga mu sanin hannunsa ya tafi, tun ranar da ya zo kama birki a ƙofar gida yatsunsa suka ƙi. Ya ce ya harbo jirginmu tun ƙaryata ta farko. Ya ce da ya kwance wilin nan ya miƙa mini, ba taya yake jira ba, jira yake ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ce Baba kawo in riƙa kai ka. Ya yi ta jira, sai ya ga 'ya'yan nasa sun gwammace su ɓoye masa taya. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata rai ba, ya faɗa ne kamar yana ba da labarin wasu. Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma rabinta taka ce, na ajiye maka.

To ka ji inda aka kwana. Ni da ban taɓa tuƙa abin da ya wuce keken ɗinki ba, ni ne direban Giwa. Kai Baba ya koya wa tun kana saurayi, ni ina gefe ina riƙe muku ruwan sha, don tun ranar da salansar Giwa, bututun hayaƙin nan, ta ƙona mini ƙauri nake zagaye ta. Yanzu kullum da yamma muna filin bayan makaranta, shi yana zaune a kan dakali yana ba da umarni da sanda, ni ina zagaye ina gumi. Ya gargaɗe ni cewa sabuwar taya tana da santsi kafin ta goge, kada in kwanta a kwana. Wace kwana? Ni da miƙaƙƙiyar hanya ma addu'a nake yi. Giwa ta kayar da ni, na kasa ɗaga ta sai da masu ƙwallo suka taimaka, Auta kuma ta samu abin dariya na shekara. Ƙafata ta saba da fedar keken ɗinki, sai in riƙa taka giya kamar ina ɗinki, Baba ya ce in tuna babur ne a ƙarƙashina ba zanin Inna ba. Matata kuwa, in na fita da hular nan tana tsaye a ƙofa da cikinta har in ɓace.

Shekaranjiya Baba ya ce koyon ya isa, mu je wurin Baffa. Ban yi musu ba. Na tayar da Giwa, na dafe ƙafafuna a ƙasa, na ƙanƙame kanta ina jiran nauyinsa ya sauka a baya, don ka tuna yadda take durƙusawa in Baba ya hau. Ina ta jira. Sai da na ji hannuwansa a kafaɗata suna rawa sannan na gane ya riga ya hau. Giwa ko motsi ba ta yi ba. Baban da yake ɗaukar mu mu biyu, kai a baya ni a kan tanki, ya zama ba nauyi, kuma ina gida ɗaya da shi ban sani ba sai ranar. Haka muka tafi a hankali, masu haya suna wuce mu suna yi mana hon. A gangaren gada kan babur ya fara rawa a cikin yashi, Baba ya matse kafaɗata ya ce kada in taɓa birkin gaba, in sassauta hannu in bar tayar ta nemi hanyarta. Na sassauta, ta nema, muka haye. Da Baffa ya gan ni da hular kwano, ɓarin bakinsa mai motsi ya yi dariya har da hawaye, ya kuma cinye abincinsa tas.

Kada ka ɗauka hankalina ya kwanta. Damina na tafe, yashin gada zai koma taɓo, kuma abin da nake ɗauka a baya ba shi da madadi. Kowace safiya sai na durƙusa na danna tayar nan da yatsa, na duba zanenta, kamar wani abu zai canza cikin kwana ɗaya. Shago kuma ba ya buɗuwa sai rana ta ɗaga, masu kaya suna ta ƙorafi. Ba wai ina kai ƙara ba ne, na karɓa da hannu biyu. Abin da nake roƙonka shi ne, in ka kira Baba kada ka tsaya a yaya jiki ka kashe. Ka tambaye shi Giwa, ka tambaye shi Baffa, ka bar shi ya ba ka labarin tayar nan duk tsawonsa, ko da kana sauri. Kuma ka ba shi haƙuri da bakinka, ni na ba da nawa.

Inna tana gaishe ka, ta ce faɗanka yana nan a ajiye ba zai lalace ba. Auta tana gaisuwa, ta ce kada ka manta alkawarinta. Matata tana gaishe ka da Anti matarka, Gwaggo ma da ta zo ta bar sallahun gaisuwa. Ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce ƙanin babansu ya zama direba. Ka gaishe da maƙwabcinka da ya kula da kai lokacin da ka kwanta.

Da na gaya wa Baba zan rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya dubi Giwa, sannan ya ce in gaya maka tayar da ya zaɓa ba mai daɗewa ba ce. Ya ce yana so ka zo ka kai shi wurin Baffa ko sau ɗaya kafin ta cinye.

Allah ya sada mu da alheri. Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Ƙaninka, Tela